Tarihin Arrows, ƙungiyar Formule 1 da ta yi tsere 382 ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba

Arrows ƙungiyar tseren motoci ce ta ƙasar Ingila da ta fafata a gasar duniya ta Formule 1 daga 1978 zuwa 2002. Abu biyu ne suka sa ake tunawa da ita. Na farko, babu wata ƙungiya da ta kai ta yawan shiga tsere ba tare da cin nasara ba: sau 382 motocinta suka tashi daga layi, ba su taɓa ƙarewa a matsayi na ɗaya ba. Na biyu kuma ya shafi wannan yanki namu, domin a 1999 wani ɗan sarki daga Najeriya, Malik Ado Ibrahim, ya shiga sahun masu ƙungiyar.

Wane irin tsere ne wannan

Tseren mota da aka fi sani a Nijar shi ne Paris-Dakar, wanda tun zagayensa na farko a farkon 1979 ya ratsa Agadas da Yamai. Wancan tsere ne na rairayi da duwatsu, ana kwanaki ana yinsa, da motoci masu rufi da babura da manyan motoci. Formule 1 daban take. Motarta kujera ɗaya gare ta, ba ta da rufi, tayoyinta huɗu a waje suke babu abin da ya lulluɓe su, kuma ƙasa-ƙasa take har direba kamar a kishingiɗe yake tuƙi. Tana da fukafukai gaba da baya, waɗanda aikinsu shi ne su sa iska ta danne motar a kan kwalta don ta sha kwana da gudu ba tare da ta zame ba. A miƙaƙƙiyar hanya tana wuce kilomita 300 a awa ɗaya.

Ana yin tseren ne a kan kewayayyar hanya, ana zagayawa har a cika kimanin kilomita 305, wato kusan tafiyar da mutum zai yi daga Gure zuwa Damagaram ya komo. Cikin awa ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan ake gamawa. Kowane tsere ana kiransa Grand Prix. Kafin ranar tseren akan yi gwajin gudu, wanda ya fi kowa sauri a zagaye ɗaya shi ke tsayawa a gurbin farko a layin tashi. Hukumar FIA mai hedikwata a Paris ce ke kula da dokokin gasar, wadda aka fara a 1950.

Ƙungiya a Formule 1 kamar masana'anta take. Doka ta wajabta mata ƙera gangar jikin motarta da kanta, ko da za ta sayi inji daga wani kamfani. Saboda haka bayan direbobi biyu da jama'a ke gani, akwai masu zane da injiniyoyi da makanikai masu yawa, kuma kowane wata suna jiran albashi. Wannan ne ya sa tarihin kowace ƙungiya rabinsa labarin gudu ne, rabinsa labarin kuɗi.

Kafuwa da asalin sunan

An kafa Arrows a watan Nuwamban 1977 a garin Milton Keynes na Ingila. Mutum biyar ne suka haɗa kai: Franco Ambrosio, attajiri ɗan Italiya da ya zuba jari, da Alan Rees, da Jackie Oliver, da Dave Wass, da Tony Southgate. Daga haruffan sunayensu aka harhaɗa sunan ƙungiyar, wanda a Turancin Ingilishi yake nufin kibau. Huɗun na ƙarshe duk daga ƙungiyar Shadow suka fito. Oliver tsohon direba ne da ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1969, Southgate kuma shi ne mai zana motocin Shadow.

Cikin kwana 53 suka ƙera motarsu ta farko, FA1. Sun ɗauki direba ɗan Suwidin, Gunnar Nilsson, amma cutar daji ta hana shi tuƙa motar ko sau ɗaya, ya rasu a Oktoban 1978. Nauyin ƙungiyar sai ya koma kan wani matashi ɗan Italiya, Riccardo Patrese.

Shekarar 1978

Arrows ta fara tsere a Birazil a watan Janairu. A tserenta na biyu, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, Patrese ya yi ta jan ragama har saura zagaye 15 a gama, sai injinsa ya mutu. Sabuwar ƙungiya mai wata huɗu da kafuwa ta kusa doke manya, kuma a lokacin kowa ya ɗauka nasara ta kusa. A watan Yuni Patrese ya zo na biyu a Suwidin, bayan Niki Lauda.

Daga nan matsaloli suka biyo juna. An tsare Ambrosio a Italiya kan badaƙalar kuɗi, kamfanin Warsteiner na Jamus ya zama babban mai ɗaukar nauyi, motocin suka koma launin zinariya. Shadow kuma ta kai ƙara babbar kotu a Landan cewa FA1 kwafin motarta ce DN9, wadda Southgate ya zana kafin ya bar aiki. A ƙarshen Yuli kotu ta ba Shadow gaskiya, ta haramta amfani da FA1. Da yake mutanen Arrows sun hango hukuncin, sun riga sun fara ƙera wata motar, A1, suka gama ta cikin ƙasa da wata biyu, ba su rasa tsere ko ɗaya ba.

Abin da ya fi muni ya faru ne a Monza ta Italiya ranar 10 ga Satumba. Motoci da dama suka yi karo jim kaɗan bayan tashi, Ronnie Peterson na ƙungiyar Lotus ya ji munanan raunuka a ƙafafu, ya rasu washegari. Manyan direbobi suka ɗora wa Patrese laifi, suka matsa har aka hana shi shiga tsere na gaba a Amurka. Sai a 1981 kotun Italiya ta wanke shi.

Shekarun 1980

Patrese ya ci gaba da tuƙa wa Arrows har ƙarshen 1981. Ya zo na biyu a Long Beach ta Amurka a 1980. A 1981, a wannan fili dai, ya samo wa ƙungiyar gurbin farko a layin tashi, wanda shi ne kaɗai ta samu a duk tarihinta. Ya ja gaba har matsalar shan mai ta fitar da shi. A wannan kakar ya zo na uku a Birazil, na biyu a Imola.

A farkon shekarun 1980 injuna masu turbo suka mamaye gasar. Turbo na'ura ce da ke amfani da hayaƙin salansa ta cusa ƙarin iska cikin inji, ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Tsadarsu ta raba masu hali da marasa hali. Arrows ta samu injin BMW a 1984. A 1985 a Imola, inda motoci da yawa mai ya ƙare musu dab da ƙarshe, direbanta ɗan Beljiyam Thierry Boutsen ya ƙarasa layin gamawa da turi. Na uku ya zo, amma da aka auna motar Alain Prost aka iske nauyinta bai kai ƙa'ida ba, aka soke nasararsa, Boutsen ya koma na biyu.

Da BMW ta janye, kamfanin inshora na Amurka USF&G da ke ɗaukar nauyin Arrows ya sayi injunan, aka sake musu suna Megatron. A lokacin ne wani matashin injiniya, Ross Brawn, ya zana motocin ƙungiyar. Shi ne daga baya ya zama ƙashin bayan nasarorin Michael Schumacher a Benetton da Ferrari. Kakar 1988 ita ce mafi kyau ga Arrows: Derek Warwick da Eddie Cheever suka tara maki 23, ƙungiyar ta ƙare ta biyar. A Monza, tsere ɗaya tilo da McLaren ba ta ci ba a shekarar, Cheever ya zo na uku, Warwick na huɗu. A 1989 Cheever ya sake zuwa na uku a Phoenix, garin da aka haife shi.

Zamanin Footwork

A 1990 attajirin Japan Wataru Ohashi, mai kamfanin sufuri na Footwork, ya zuba kuɗi a ƙungiyar, kuma daga 1991 zuwa 1996 da sunan Footwork aka yi mata rajista. Babban shirinsu shi ne injin Porsche mai silinda 12. Suna dai ga suna, amma injin ya zo da nauyi, ba ƙarfi, ga yawan lalacewa. Bayan tsere shida aka ajiye shi aka koma Ford, kuma 1991 ta wuce ba maki ko ɗaya.

An samu sauƙi da injin Mugen-Honda a 1992 da 1993. Daga nan kasuwancin Ohashi ya ja baya, ragama ta koma hannun Oliver da Rees, kuɗi kuma suka yi ƙaranci har ƙungiyar ta riƙa ba da kujera ga direban da ya zo da mai ɗaukar nauyinsa. Abin farin ciki ɗaya a wannan zamani shi ne tseren ƙarshe na 1995 a Adelaide ta Ostareliya, inda motoci takwas kaɗai suka kai ƙarshe, Gianni Morbidelli ya zo na uku.

Walkinshaw da ranar Hangari

A 1996 Tom Walkinshaw, ɗan yankin Sikotland, ya sayi kaso a ƙungiyar ya karɓi jagoranci. Mutum ne da ya saba da nasara: kamfaninsa TWR ya ci Le Mans da motocin Jaguar a 1988 da 1990, kuma yana cikin shugabannin Benetton lokacin da Schumacher ya zama zakara a 1994. Ya mayar da masana'antar zuwa Leafield, ya dawo da sunan Arrows, sannan ya ba kowa mamaki da ya ɗauko Damon Hill, zakaran duniya na 1996 da Williams ta sallama.

Farkon 1997 abin kunya ne. A Ostareliya motar Hill ta mutu tun a zagayen ɗumama taya, kafin a ba da alamar tashi. Amma ranar 10 ga Agusta, a filin Hungaroring na ƙasar Hangari, tayoyin Bridgestone da Arrows ke amfani da su suka jure zafi fiye da na Goodyear da manyan ƙungiyoyi ke sawa. Hill ya tashi daga gurbi na uku, ya wuce Ferrarin Schumacher a zagaye na 11, ya ba na bayansa ratar sama da daƙiƙa 30. Saura zagaye uku cikin 77, na'urar matsin mai da ke sarrafa giya da totur ta samu matsala. Motar ta riƙa rarrafe, Jacques Villeneuve ya cim masa ya wuce a zagayen ƙarshe. Hill ya zo na biyu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Arrows ba ta sake kusantar nasara haka ba, Hill kuma ya koma ƙungiyar Jordan a ƙarshen shekara.

Walkinshaw ya sayi kamfanin injuna na Brian Hart don ƙungiyar ta riƙa ƙera injinta. A 1998 Mika Salo ya zo na huɗu a Monako, Pedro Diniz na shida, amma ƙera inji ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar ƙungiya.

Ɗan sarki daga Najeriya

A farkon 1999 aka ba da sanarwar sababbin masu hannun jari: kamfanin zuba jari na Morgan Grenfell da ke Landan, da Malik Ado Ibrahim, ɗan Ohinoyi na ƙasar Ebira a lokacin, Alhaji Ado Ibrahim, mai fada a Okene ta jahar Kogi. A wannan lokaci ne Jackie Oliver ya sayar da sauran kasonsa ya fita. Jaridun Turai sun bayyana Malik a matsayin baƙar fata na farko da ya mallaki kaso a wata ƙungiyar Formule 1, aka kuma riƙa ambaton maƙudan miliyoyin dala da ake sa ran zai jawo.

Dabararsa ta sha bamban da abin da aka saba. A al'ada, kamfani mai kaya a kasuwa shi ke biyan ƙungiya ta liƙa sunansa a jikin mota. Shi kuwa ya ƙirƙiro sabon tambari mai suna T-Minus, aka liƙa a gefen motocin, da nufin idan duniya ta san sunan sai a riƙa ba masu yin lemon ƙara kuzari da tufafi da babura izinin amfani da shi, su biya. Wato a fara tallar suna, kaya su biyo baya. Irin wannan shiri yana buƙatar mota mai jan ido, Arrows ta 1999 kuwa a bayan layi take. Maki ɗaya ta samu duk shekarar, lokacin da Pedro de la Rosa ya zo na shida a Ostareliya. Kuɗin da aka zata daga T-Minus ba su shigo ba, kuma kafin kakar ta ƙare Malik ya bar ƙungiyar, aka cire tambarin.

Daga baya sunansa ya sake fitowa a fagen siyasa, inda ya tsaya takarar shugaban ƙasar Najeriya a zaɓen 2023 a jam'iyyar YPP.

Orange da rugujewa

A 2000 kamfanin wayar salula na Orange ya zama babban mai ɗaukar nauyi, motocin suka koma launin ruwan lemo da baƙi. Sunan ba baƙo ba ne a nan, domin Orange ta yi aiki a Nijar daga 2008 har aka sayar da reshenta a 2019 ya zama Zamani Telecom. Motar wannan shekara, A21, tana cikin mafi gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Jos Verstappen, mahaifin Max Verstappen, ya zo na biyar a Kanada, na huɗu a Monza, ƙungiyar ta ƙare ta bakwai da maki 7.

A 2001 aka koma injin Asiatech, maki ɗaya aka samu. A 2002 Walkinshaw ya ɗauko injin Cosworth mai kyau amma mai tsada, da ƙwararren direba Heinz-Harald Frentzen, wanda ya zo na shida a Spaniya da Monako. Sai dai bashi ya riga ya kai wuya. Kuɗin inji ya gagara biya a kan lokaci, rikici da Morgan Grenfell kan sayar da ƙungiyar ya kai gaban kotu a Landan. A tseren Faransa na watan Yuli, a Magny-Cours, motocin biyu suka fito gwajin gudu suka yi tafiyar da ba za ta ba su gurbi ba, da gangan. Dalili shi ne ƙungiyar da ba ta halarta ba tana fuskantar tara da asarar haƙƙinta a gasar, shiga tseren kuma yana cin kuɗin da babu. Mako ɗaya bayan haka, ranar 28 ga Yuli, Arrows ta yi tserenta na ƙarshe a Hockenheim ta Jamus. FIA ta ƙi karɓar rajistarta ta 2003, aka rufe kamfanin a farkon wannan shekarar.

Motocin sun fi ƙungiyar tsawon rai. Mai ƙungiyar Minardi ya sayi A23 na 2002, daga baya Super Aguri ta Japan ta gyara su ta shiga gasar 2006 da su, daga masana'antar Leafield ɗin nan. Walkinshaw ya rasu a Disamban 2010.

Me ya hana ta nasara

A shekara 25 Arrows ta zo ta biyu sau biyar, ta uku sau huɗu. Ba ta rasa gwanaye ba, amma ba ta iya riƙe su. Patrese ya ci tsere shida bayan ya bar ta. Boutsen ya ci uku a Williams. Gerhard Berger, da ya tuƙa mata a 1985, ya ci goma. Brawn ya tafi ya ɗauki kofuna a wasu wurare. Da mutum ya nuna bajinta, mai kuɗi ya ɗauke shi.

Matsala ta biyu ita ce inji. Daga 1996 zuwa 2002 ta yi amfani da Hart, Yamaha, nata na gida, Supertec, Asiatech da Cosworth. Kowane sabon inji yana tilasta sake zanen bayan mota, abin da aka koya bara ya tashi a banza. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000 kuma manyan kamfanonin mota irin su Mercedes da BMW da Honda da Toyota da Renault suka shigo da kuɗin da ƙungiya mai zaman kanta ba za ta iya karawa da su ba. Ba Arrows kaɗai abin ya ci ba, ƙungiyar Alain Prost ta Faransa ta rufe a Janairun 2002, Jordan da Minardi kuma aka sayar da su a 2005. Sai a 2021 hukumar gasar ta sa iyaka kan abin da ƙungiya za ta kashe a shekara, dala miliyan 145 a farko.

Afirka da Formule 1

Ƙasashen Afirka biyu ne suka taɓa karɓar baƙuncin gasar duniya: Maroko sau ɗaya a Kasablanka a 1958, da Afirka ta Kudu, wadda tserenta na ƙarshe ya gudana a Kyalami a 1993. Zakaran duniya ɗaya nahiyar ta fitar, Jody Scheckter na Afirka ta Kudu, a 1979 da Ferrari. A Disamban 2024 shugaban Ruwanda Paul Kagame ya sanar a Kigali cewa ƙasarsa na neman a ba ta tsere, Afirka ta Kudu ma tana neman a dawo mata da nata. Duk ƙasar da za ta shiga wannan harka, da duk attajirin da zai bi sawun Malik Ado Ibrahim, lissafin da ya kayar da Arrows yana jiransu: kuɗin shiga kaɗan ne a kan kuɗin da ake buƙata kowace shekara don a zauna a ciki.